Tiyodor Mono, mai neman ƙarfen Allah

1. Tauraron da ya tsinke

Da bazara, in an yi shimfiɗa a tsakar gida ana shan iska, wani lokaci mukan ga haske ya ratsa sama da gudu, ya ɓace. Sai mu ce tauraro ya tsinke. Yara, wannan ba tauraro ba ne. Taurari manya ne ƙwarai, wasunsu sun fi rana girma, kuma ba su faɗowa. Abin da muke gani ɗan dutse ne, sau da yawa bai kai tsakuwa ba. Yana yawo can sama, sai ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniyarmu. Gudunsa ya fi kilomita 11 cikin sakan guda. Saboda tsananin gudu sai ya yi zafi, ya ƙone tun bai iso ba. Amma in babba ne, ba ya ƙonewa duka. Ragowar takan faɗo ƙasa. Ita ake kira dutsen sama. Da faransanci ana ce masa météorite.

A shekara ta 1999 an tsinci irin wannan dutse a bayan garinmu na Damagaram. Za mu zo ga labarinsa. Amma bari mu fara da tarihin wani mutum wanda ya yi shekara fiye da 50 yana neman wani dutsen sama a cikin hamada. Sunansa Tiyodor Mono. Da faransanci ana rubuta shi Théodore Monod.

2. Ƙuruciyarsa

An haifi Mono ran 9 ga watan Afrilu 1902 a garin Rouen, cikin ƙasar Faransa. Ubansa malamin coci ne. Yana ƙaramin yaro gidansu suka koma Pari. A Pari akwai wani babban gida inda ake ajiye dabbobi da tsirrai da duwatsu na duniya duka, don masu ilimi su bincika su. Mono ya saba zuwa lambun wannan gida tun yana ƙarami. Abin da ya gani duka sai ya tsaya ya duba shi da kyau, ya zana shi, ya rubuta sunansa.

Da ya kai shekara 20, sai aka ɗauke shi aiki a wannan gida. Aikinsa binciken kifaye da ƙaguwa da sauran halittun ruwa. A 1922 aka aike shi bakin tekun Muritaniya, garin da yanzu ake kira Nuwadibu, ya binciki kifin wurin. Teku tana gabansa, hamada tana bayansa. Da ya gama aiki a 1923, bai koma ta jirgin ruwa ba. Ya hau raƙumi, ya bi ta cikin hamada har ya isa Sanluwi, a ƙasar Sanagal. Tun daga wannan tafiya hamada ta shiga ransa.

3. Ɗan hamada

Mono ya koyi zaman hamada wurin masu ita. Ya koyi ɗaure sirdin raƙumi, da tattalin ruwan salka, da tashi tun da asuba. Abincinsa kaɗan ne. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, daga baya ma ya bar cin nama. Yawancin tafiya a ƙasa yake yinta, idonsa yana kan ƙasa. Ya rataya wata jaka ta katako inda yake matse ganyaye. In ya tsinci ciyawa, ko ƙashi, ko dutse, sai ya ba shi lamba. Ya buɗe littafinsa, ya rubuta lambar, da rana, da wurin da ya same shi. Da haka ya tara abubuwa wajen 20,000. Abokan tafiyarsa suna mamakin mutumin da ke shan wahala don ciyawa da tsakuwa. Suka sa masa suna Majanuni, wato mahaukacin hamada.

A 1927, a wani wuri da ake kira Asalar, arewacin ƙasar Mali ta yau, shi da abokin tafiyarsa suka tono ƙasusuwan wani mutum da ya rayu shekaru dubbai da suka wuce. A wurare da dama kuma ya tsinci ƙashin kifi da kayan aikin mutanen dā cikin rairayi. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa dā Sahara tana da tafkuna da ciyawa da mutane masu yawa.

4. Labarin Kaftin Riper

A tsakiyar Muritaniya akwai wani tsohon gari, sunansa Shingiti. Garin malamai ne da littattafai da dabino. A nan alhazan yamma suke taruwa kafin ayarinsu ya kama hanyar Makka. A 1916 wani sojan Faransa, Kaftin Gaston Riper, shi ke riƙe da barikin garin. Ya ji mutane suna zancen wani dutsen ƙarfe da ke cikin hamada, wanda suke kira ƙarfen Allah. Ya nemi a kai shi. Wani mutumin ƙasar ya yarda. Suka hau raƙuma da dare, suka yi tafiyar wajen awa 10.

Riper ya ba da labari cewa ya ga wani tudu na ƙarfe, tsawonsa mita 100, tsayinsa mita 40, rairayi ya rufe gefe guda. A kan tudun ya ɗauki wani guntu mai nauyin kilo 4 da rabi. Guntun ya kai Pari. A 1924 wani babban masanin duwatsu, Alfred Lacroix, ya bincika shi, ya tabbatar dutsen sama ne na gaske, ƙarfe da dutse a cakuɗe.

Masana suka girgiza. Dutsen sama mafi girma da aka sani yana ƙasar Namibiya, ana ce masa Hoba. Nauyinsa wajen tan 60 ne, amma faɗinsa bai kai mita 3 ba. In maganar Riper gaskiya ce, na Shingiti ya ninka Hoba sau dubbai. Sai dai akwai matsala guda. Da dare aka kai Riper, bai iya nuna wurin a taswira ba.

5. Nema na farko

A 1934 aka aiki Mono ya nemo ƙarfen Allah. Yana da shekara 32. Ya sauka Shingiti, ya zauna da dattawa da makiyaya da maƙera, ya yi ta tambaya. Ba wanda ya nuna masa wurin. Ya ɗauki raƙuma ya zaga kudu da garin, ya hau tudu ya sauka, ya duba baƙaƙen duwatsu ɗaya ɗaya. Bai samu ba. Riper yana da rai a lokacin. Ya rubuto wa Mono takarda, ya tsaya kan maganarsa cewa ya ga abin da idonsa.

Mono bai ƙaryata shi ba, bai kuma gaskata shi ba. Ya san ji daban, gani daban, gwaji kuma daban. Ido yakan ruɗi mutum, balle a hamada, inda rana da iska suke baƙanta duwatsu har su yi ƙyalli kamar ƙarfe. Ya koma gida, ya rubuta abin da ya gani kawai.

6. Yadda ake gane dutsen sama

Ba kowane baƙin dutse ne dutsen sama ba. Ga alamun da masu nema suke dubawa.

Na ɗaya, fatarsa. Dutsen sama yana da baƙar fata siririya, kamar gindin tukunyar da ta daɗe a kan murhu. Wutar da ya sha a sama ce ta yi ta. In ya daɗe a ƙasa, fatar takan koma kalar tsatsa.

Na biyu, nauyinsa. Yawanci ya fi dutsen ƙasa mai girmansa nauyi, don akwai ƙarfe a cikinsa.

Na uku, mayen ƙarfe yakan kama jikin mafi yawansu.

Na huɗu, wasu suna da ƴan lotsattsun wurare a jiki, kamar an danna yatsa a kan curin fura.

Na biyar, in an goga gefe kaɗan da magagari, akan ga ɗigo-ɗigon farin ƙarfe yana walƙiya. A cikin wasu akwai ƴan ƙwayoyi kewayayyu kamar gero.

Akwai abubuwa uku a ƙasarmu da suke ruɗin mai nema. Na farko kashin maƙera. Damagaram ƙasar maƙera ce tun zamanin sarakuna, shi ya sa kashin maƙera yake da yawa a kufai. Baƙi ne, yana da nauyi, amma jikinsa duk ƙofofi ne. Dutsen sama ba shi da irin waɗannan ƙofofi. Na biyu tama. In an goga ta a kan farin tangaran ta wajen da ba shi da santsi, takan bar jan zane. Na uku gatarin aradu. Mutane suna cewa aradu ce ta jefo shi. A'a, gatari ne na dutse, mutanen dā suka wasa shi da hannunsu tun ba a san ƙira ba. Mono ya tsinci irinsa da yawa.

Ko alamun nan duka sun cika, magana ba ta ƙare ba sai an kai dutsen ɗakin gwaji. Can ake duba ko akwai wani ƙarfe da ake kira nikel a cikinsa. Ƙarfen da ya faɗo daga sama kullum da nikel yake tafe.

7. Shekarun Dakar

A 1938 aka naɗa Mono shugaban wata cibiyar bincike a Dakar, wadda ake kira IFAN. Ya riƙe ta har 1965. Ya buɗe mata rassa a ƙasashen Afirka ta Yamma. Reshen Yamai shi ne ya zama cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni. Mono Kirista ne, amma yana girmama malaman Musulunci. Shi ya jawo Amadu Hampate Ba, sanannen marubucin Mali, cikin aikin IFAN a 1942. Ya ƙi jinin yaƙi. A 1960 ya sa hannu a takardar da ta soki yaƙin da ƙasarsa take yi a Aljeriya. Kowace shekara kuma, a watan Agusta, yakan yi azumi don tunawa da mutanen da bam ya hallaka a Hiroshima.

Aikin ofis bai raba shi da raƙumi ba. Tsakanin Muritaniya da Mali akwai wata hamada da ake kira Majabat al-Kubra. Ya ratsa ta sau da dama. A wata tafiya ya yi kilomita 900 ba rijiya ko ɗaya, kamar mutum ya tashi daga Damagaram ya je Yamai da ruwan salka kaɗai. A 1964, cikin wannan hamada, maharba suka kai shi wurin da wani ayari ya bar kayansa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ya tarar da sandunan tagulla fiye da 2,000 da tarin wuri.

A ƙasar Shingiti ya binciki wurare biyu da suka yi kama da inda dutse ya faɗo. Na farko ramin Awelul, faɗinsa wajen mita 390. Shi da wani abokin aikinsa suka ba da bayaninsa a 1951. Gwaji ya nuna lalle dutsen sama ne ya haƙa shi. Na biyu Rishat, wani ƙaton da'ira mai faɗin kilomita 40. Ya fi na farko ban mamaki nesa ba kusa ba, amma gwaji ya nuna ba dutsen sama ne ya yi shi ba. Ƙasa ce ta kumbura, ruwa da iska suka zaizaye ta.

8. Komawa da tsufa

A 1980 matarsa Olga ta rasu. Shekara 50 suka yi tare. Mono ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Mutane suna tsammani zai zauna gida ya huta. Shi kuwa maganar ƙarfen Allah ba ta bar shi ba. Wani matuƙin jirgin sama ya ce ya hango wani abu cikin rairayi kudu da Shingiti. Mono ya ɗaura sirdi. Yana da shekara fiye da 80 ya koma Shingiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya bi kowace hanya da raƙumi zai iya bi cikin awa 10.

A ƙarshe ya tsaya gaban wani tudun dutse mai duhu, wanda ya yi daidai da kwatancen Riper. Ya ɗauki guntu, aka gwada. Dutsen ƙasa ne.

Ku yi tunani, yara. Mutum ya yi shekara 55 yana son abu guda. Duniya duka tana jira ya ce ya samu. Da ya ce tudun yana nan ƙarƙashin rairayi, mutane da yawa za su yarda, don sunansa babba ne. Amma a 1989 ya bayyana wa masana cewa a ganinsa Riper kuskure ya yi. Guntun da ya ɗauka dutsen sama ne, tudun kuwa ba shi ba ne. A 1992 shi da wata masaniya, Brigitte Zanda, suka rubuta littafi kan wannan nema, suka sa masa suna Le Fer de Dieu, wato ƙarfen Allah.

Ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a kan raƙumi yana da shekara 91. Ya rasu ran 22 ga watan Nuwamba 2000, kusa da Pari, yana da shekara 98.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 2001, wasu masana suka sake gwada guntun Riper da sababbin na'urori. Suka gano dutsen da guntun ya ɓalle daga jikinsa bai kai faɗin mita 2 ba tun yana sama. Wannan ya ƙarfafa maganar Mono. Duk da haka, a 2024 wasu masu bincike daga Ingila suka sake ta da zancen, suna ganin watakila rairayi ne ya binne tudun. Su ma gwaji ne zai raba musu gardama.

9. Dutsen Damagaram

Yanzu mu dawo gida. Dutsen da aka tsinta a bayan Damagaram a 1999 nauyinsa giram 46 ne kawai, kamar nauyin ƙwan kaza ɗaya. A lokacin Mono yana da rai, saura shekara guda ya rasu. Shi ya nemi tudu bai samu ba. Wannan kuwa ko tafin hannu bai cika ba, amma da aka gwada shi sai ya zama na gaske. Irinsa ba su da yawa a duniya. Ƙarfe ne da ƙwayoyin dutse masu haske a cikinsa. Al'adar masana ce su ba dutsen sama sunan garin da aka same shi kusa da shi. Saboda haka a littafin duwatsun sama na duniya sunansa Zinder.

Ba shi kaɗai ne a ƙasashenmu ba. Ran 3 ga watan Oktoba 1962, a Zagami cikin ƙasar Katsina, dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa. Daga baya aka gano daga duniyar Mars ya zo. A 2023 an tsinci wani daga Mars a jihar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25. A 2025 aka sayar da shi a birnin Niyok na Amurka kan dala fiye da miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike don ta san yadda aka fitar da shi daga ƙasa.

Me ya sa ake neman waɗannan duwatsu haka? Domin yawancinsu sun kai shekara miliyan 4,500. Sun girmi dutsen Birni da kowane dutse da muke takawa. Masana suna karanta su kamar littafi, su san yadda rana da duniyoyinta suka fara. Dutsen da ya bar ƙasarmu a ɓoye, littafi ne da ɗaliban ƙasarmu ba za su karanta ba.

Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu. Mono bai sami abin da ya fita nema ba, amma a hanya ya sami tsirrai da ƙasusuwa da tarihin hamada, ya bar mana su a rubuce. In wata rana kana kiwo ko kina itace, kuka ga baƙin dutse mai nauyi shi kaɗai a inda ba duwatsu, kada ku fasa shi, kada ku kai wa maƙeri. Ku yi kamar Mono. Ku lura da wurin, ku rubuta rana, ku nuna wa malaminku.

Ma'anar kalmomi

Mayen ƙarfe: ƙarfen da ke jawo allura da ƙusa.
Magagari: abin da maƙeri ke goge ƙarfe da shi.
Tama: dutsen da ake narkarwa a sami ƙarfe.
Kufai: wurin da gari ya taɓa zama, mutane suka tashi.
Tan: kilo 1,000.

Tambayoyi

1. In mun ce tauraro ya tsinke, mene ne ainihin abin da muka gani?
2. Wane aiki ya fara kai Mono Muritaniya?
3. Abubuwa uku nawa yake rubutawa in ya tsinci wani abu? Faɗe su.
4. Don me Riper ya kasa nuna wurin da ya ga tudun?
5. Yaya za ka bambanta kashin maƙera da dutsen sama?
6. Me Mono ya bayyana a 1989? Kana ganin abin ya yi masa sauƙi? Don me?
7. Shekara nawa ne tsakanin nemansa na farko da wannan bayani?

Aiki

Kowane ɗalibi ya kawo baƙaƙen duwatsu uku daga unguwarsu. A ba kowane dutse lamba. A rubuta rana da wurin da aka same shi. A gwada su da mayen ƙarfe da magagari, a rubuta abin da aka gani kawai.